Yayyafin da Ya Kore Mana Tankin Ruwa

Aji uku na yi a makarantar boko, daga nan mahaifina ya ce kifi ba ya jiran mai jarrabawa. Amma ajin nan uku su suka sa aka naɗa ni shugaban lajnar ruwa, wato kwamitin ruwa na ƙauyenmu, can kudu da Jabal Awliya, don ni ne mai sa hannu ba sai na dangwala yatsa ba. Kada a raina wannan muƙami.

Mutanen Khartoum in sun ji muna kusa da Bahar sai su ɗauka cikin kogi muke kwana. Tafiyar sa'a guda ce tsakaninmu da bakin ruwa, kuma abin da mata ke ɗebowa kamar shayi da madara yake, sai an jefa alam ya kwanta. Jikokina biyu tsargiya ta kama su, suna fitsarin jini. Mai ɗakina kuwa gwiwarta ta soma yin ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Sai takarda ta zo: gwamnatin jiha ta ware kuɗin rijiyoyin burtsatse da tankuna, amma ƙauyuka sun fi kuɗin yawa, don haka muhandis, wato injiniya, zai zagaya ya ga waɗanda suka fi matsuwa. Ranar Talata tamu.

Na tara jama'a na ce, baƙon hukuma ne, kada wanda ya ba mu kunya. Nan ne ilimina ya yi aiki. Muka kira masu karo, masu sayar da ruwan famfo a amalanken jaki, suka cika mana kowane tulu. Mata suka share fili, suka yayyafa ruwa tun daga bakin hanya har rumfar liman, don kada ƙura ta taɓa takalmin baƙo. Aka samo ƙanƙara aka jiƙa zoɓo. Yara duk aka yi musu wanka har suna sheƙi.

Muhandis ya sauko daga mota, ya taka ƙasa mai danshi, ya sha ruwa garai-garai kofi biyu. Ya buɗe littafinsa ya ce, "Ya Haj, yaya lamarin ruwa a nan?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Liman ya ce, "Sai godiya."

To me ɗan halak zai ce wa baƙo yana cin tuwonsa? Ya rubuta, ya ci soyayyen kifi, ya tafi. Muka kwana muna yabon kanmu.

Da sunaye suka fito, ƙauyen da ke gabanmu aka ba. Su, marasa kunya, ruwan kududdufi suka miƙa masa a gwangwani.

Na ɗaura rawani na hau hafila, motar hayarmu, zuwa Khartoum. Na same shi a ofis ƙarƙashin fanka. Na ce, "Bash-muhandis, laifin me muka yi, ko kifin ne bai soyu ba?"

Ya ce, "Ammi," wato baffa ke nan, "ku da kuke shayar da ƙasa? Na ga ruwa yana kwance a hanyarku. Na tambaye ka, ka ce alhamdu lillahi."

"To da me zan ce? Innalillahi?"

Ya yi dariya har ya cire gilashi. Na ce masa, ɗana, a jami'a an koya maka auna zurfin rijiya, ba a koya maka auna Bahaushe ba. Bahaushe ko a kan makara ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka. Na faɗa masa maganar jikokina. Ya daina dariya. Ya ce na bana ya ƙare, amma ana tsara na baɗi, zai sake zuwa. Na ce da sharaɗi: kada ya faɗa mini rana. Na san halina. In na sani, wallahi sai na sake yayyafi.

Ya zo wata Asabar da azahar, rana na dukan tsakar ka. Ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce ƙishi yake ji. Hajiya mai ɗakina ta leƙa tulu, ruwan da aka ɗebo da safe ne, ko alam ba a jefa ba. Ta ja ni bayan zana.

"Malam, ni zan ba ɗan mutane wannan? Aika a nemo mai karo."

"Shi za ki ba shi."

"Ka haukace? A ji a gari?"

"A ji har Omdurman."

Ta miƙa masa kofin tana kallon bango. Ya ɗaga ya duba, ya ɗan kurɓa, ya ajiye a hankali. Ya ce, "Hajja, wannan kuke sha kullum?"

Na ga bakinta ya fara haɗa alhamdu lillahi, na yi tari mai ƙarfi. Sai ta fashe. Ta ce shi muke sha, shi muke wanke gawa da shi, shekara arba'in tana ɗaukarsa a ka, in bai yarda ba ga jarka nan, ya bi yarinyar maƙwabta ya gani. Ni kaina ban taɓa jin wasu maganganun ba. Alƙalaminsa ya yi ta gudu, ya cika shafi biyu.

Da damina ta ɗauke injin haƙa ya iso. Yau tankin yana tsaye bayan masallaci, da famfo shida, kuma yaran nan sun warke bayan an ba su magani. Jama'a suna cewa dabarar shugaban lajna ce, ni kuma ba na musu da jama'a.

Hajiya dai kwana tara ba ta yi mini magana ba. Har yanzu in ta tuna sai ta ce na tozarta ta gaban baƙo. Nakan ba ta haƙuri, in karɓi bokitin daga hannunta in kai mata gindin famfo, taku talatin ne daga ƙofarmu.