Zuwa Yelwa da Idon Jikata

Mun tashi daga Shanga ƙarfe biyar da rabi na asuba, ni da mai ɗakina da direba. Jikata muka tafi ɗaukowa, 'yar wata biyar, a wani ƙauyen masunta da ke wajen Wara. Tun haihuwa idonta na hagu yake zubar da hawaye ko ba ta kuka, da safe kuma kwantsa ta liƙe shi. An sa kwalli, an ɗiga nono, bai daina ba. Har an shirya da wanzami zai yi mata tsaga a gefen ido ranar Juma'a. Na aika cewa a jira ni.

Muka wuce Yelwa, muka bi gonakin shinkafa har bakin ruwa, inda muka shiga kwalekwale. Matuƙin ya burge ni: kowa sai ya zauna inda ya nuna masa, har ni. Mai ɗakina kuwa ba ta bar salati ba sai da muka taka ƙasa.

Da muka isa ƙauyen aka ba mu tuwon shinkafa da bandar kifi, sannan muka juyo asibitin Yelwa da yarinyar da uwarta. Wata ma'aikaciyar jinya ta duba idon a natse. Ta ce akwai siririyar hanya da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci, ta yarinyar ce ba ta buɗe ba.

"Baba, amaryarka ba kukan rashinka take ba," in ji ta. "Aska kuma ba abin da za ta tarar a nan."

Ta nuna wa uwar aikin bi da bi: a wanke hannu, a yanke farce, a ɗora yatsa a lungun ido ta wajen hanci, a shafa ƙasa a hankali, safe da rana da maraice. Yawanci hanyar takan buɗe kafin shekara, in ji ta. In ba ta buɗe ba, likita zai buɗe ta. Ba ta sallame mu ba sai da uwar ta maimaita a gabanta har hannunta ya daidaita. Irin aikin da nake girmamawa ke nan.

Muka mayar da su gida, na je da kaina na ba wanzami haƙuri. Washegari muka dawo Shanga. Yanzu kwantsar ta ragu, fuskar yarinya ba tabo.

Na koyi cewa mun kusa yanka abin da yatsa mai tsabta zai gyara. Ina roƙonku, duk mai jaririn da idonsa ke zubar da ruwa, ya fara kai shi asibiti kafin ya sa masa komai.