Alƙalin Kwalabe Shida

A matatar ruwa ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Alƙali kawai ake ce masa, alhali bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Shari'arsa a wani ɗan ɗaki take, bayan injin turo ruwa, mai taga ɗaya da dogon teburi. Kullum da safe sai ya ɗebo ruwan kogi ya cika kwalabe shida, ya zuba wa kowace alif, farin dutsen nan mai tsami, wannan kaɗan, waccan fiye da haka. Ya gauraya, ya zauna ya zuba ido. Alif yakan sa laka ta haɗu 'yan ƙanana ta kwanta a ƙasa. Kwalbar da ta fi washewa ita ce ta ci, kuma da awonta za a yi wa ruwan gari duka magani a ranar.

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu, ya yi ɗaki biyu da falo. Yana da ɗan jin kai, ba za a ɓoye ba. In ya je gidan mutane aka kawo masa ruwa, sai ya ɗaga kofin ya duba kafin ya sha. Matarsa takan ce, "Malam, a sha ruwa aka ce, ba a yanke masa hukunci ba."

Abin da ba wanda ya sani shi ne yanar ido ta rufe masa gani. Damina biyu ke nan ba ya ganin tsakin lakar nan, kwalaben duk sun zame masa hazo ɗaya. Sai ya koma aiki da tuna baya: ya murza ruwan tsakanin yatsu, ya tambayi mai gadi ko an yi ruwa a gabas, ya faɗi awo da ƙarfin murya. Yana tsoron ranar da za a gane, don in ba ido, babu Alƙali.

Ana nan sai aka turo sabuwar injiniya, yarinya sa'ar autarsa, ta zo da jarkar wani magani mai yauƙi. Ta ce daga sitacin rogo aka yi shi. Yana kama laka kamar yadda alif ke yi, amma taɓon da ya bari yana ruɓewa ya zama taki, ba kamar na alif ba da aka tara tsibi a bayan matata, ko ciyawa ba ta fito a kai.

"Rogo?" in ji Alƙali. "To, ki zo da cokali mana mu ci."

Ta yi dariya. "Baba, manaja ya ce ba za a canza komai ba sai da bakinka. Ya ce idonka ya fi na'ura. Gobe mu gwada, uku naka, uku nawa."

Washegari ɗakin ya cika. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, mai kula da sito ya leƙo ta taga. Aka zuba, aka gauraya, aka tsaya jira. Alƙali ya sunkuya a kan kwalaben injiniya da niyyar samo aibi, sai ya tsaya cak. Yana gani. Lakar ta dunƙule manya-manya kamar auduga, tana sauka a hankali, saman ruwan yana buɗewa. Rabonsa da ganin wannan abu damina biyu, kuma sai a lokacin ya san irin kewarsa da ya yi. Ya matsa kan nasa ukun, ya ƙura ido har ƙwalla ta taru. Hazo ne kawai.

"Alƙali, muna sauraro," in ji manaja.

Hanya a buɗe take. In ya ce alif ya ci, ba mai musa masa. In ya ce rogo ya ci, a yaba masa da sanin ya kamata. Ko wanne ya faɗa, hukunci ne a kan abin da bai gani ba, kuma mutane za su sha shi su ba jariransu. Ya daɗe riƙe da bakin teburi.

"Na yarinyar nan na gani, ya kwanta da kyau," ya ce. "Nawa ban gani ba. Ba na ganinsa, ranka ya daɗe. Na jima ba na gani."

Mai sito ya janye kansa daga taga. Manaja ya yi gyaran murya, ya ce yanar ido ai aikin likita ne, za a san abin yi. Injiniya ta jawo masa kujera, ya zauna.

Da la'asar ya koma gida a ƙasa, ya ƙi hawa mota. Bai cire takalmi ba ya wuce wurin famfo, ya tari ruwa a kofin gilashi, ya miƙa wa matarsa da ke ninke kaya a tsakar gida.

"Duba min wannan. Me kika gani?"

Ta dube shi kafin ta dubi kofin. "Yau kuma ni ce alƙalin?"

"Ki dai faɗa min gaskiya."

Ta ɗaga kofin ta fuskanci rana. "Da ɗan duhu-duhu. Ba kullum ba ne, wani lokaci fes yake zuwa." Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta sassauta murya. "In ya zo haka, nakan jefa ɗan alif a bokiti, ya kwanta, sannan in zuba maka."

"Tun yaushe?"

"Tun daminar bara waccan."

Ya zauna a bakin dakali. Ta katanga yana jin maƙwabciya ta buɗe famfonta, ruwa yana zuba a bokiti, tana kiran yara su zo su sha kafin a ɗauke.