Tsokar Hajiya Memuna

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin binciken nan, akwai wata Juma'a da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da ɗan Hajiya Memuna ya zo mana da farin ƙyalle a hannu. Ku da kuka shigo aikin bayanmu, ku saurara da kyau.

Ni Adiza, haifaffiyar unguwar Nima, matsayina mai wanke kwalabe, wato mafi ƙanƙanta a ɗakin. Sama da ni akwai masu gwaji biyu, sama da su Dokta Ofori mai jagorantar binciken. Aikina in wanke kwalabe, in dafa su a tukunyar tururi, in goge tebura, in duba fitilar firiza kowace safiya. Da yake ina jin Hausa da yarukan Tuwi da Ga, ni ce kuma tafinta idan an kawo mutanen Zongo, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi irin su Nima.

Cutar da muke bincike a kanta ita ce sankarar fankiriyas, wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, mai taimakon narkar da abinci da daidaita sukari. Muguwar cuta ce mai ɓoyo. Yawancin masu ita kafin su iso asibiti ta riga ta wuce aikin wuƙa, shi ya sa da wuya mu samu tsokar da za a yi nazari. Idan an samu, ƙa'ida ita ce a raba biyu. Babban yanki a sa a firiza mai tsananin sanyi. Ƙaramin a yayyanka shi a zuba a faranti da ruwan abinci, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, ko ƙwayoyin za su yarda su ci gaba da haihuwa. Da yawa ba sa yarda. Na Hajiya Memuna sun yarda.

Hajiya mai sayar da wake da shinkafa ce a unguwar Maamobi, kusa da inda trotro, motocin haya, ke tsayawa. Ni na fassara mata takardar amincewa kafin a yi mata aikin cire tsokar, ta dangwala yatsa a gabana. Wata bakwai bayan haka Allah ya karɓi abarsa, da asubar wannan Juma'a. Matan da suka yi mata wanka suka ga ɗinki a cikinta, suka tambaya ina abin da aka cire. A wurinmu, abin da aka yanke daga jikin Musulmi ƙasa ake ba shi. An tsayar da jana'iza bayan sallar Juma'a.

Ƙarfe goma babban ɗanta Fuseini, direban trotro, ya tsaya a ƙofarmu, ido ja.

"Mma Adiza, na zo karɓar naman uwata. Ba za mu binne shi rabi ba."

Haka Hausar yaran Zongo take, mace da namiji duk "shi" ne.

Na fassara wa Dokta. Fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya da Tuwi: "Maame Adiza, don Allah ki ce masa an ƙone. Ai haka asibiti ke yi da abin da aka cire. Magana ta ƙare, ya je ya binne mahaifiyarsa cikin kwanciyar hankali."

Dokta mutumin kirki ne, a ganinsa sauƙi yake nema wa yaron. Bai san ba abin da ya fi wannan muni a kunnen ɗan Zongo.

Na ce, "Dokta, bakina ba zai faɗi haka ba. Na farko ƙarya ce. Na biyu, in ka ce ka sa wa naman Musulma wuta, kafin a idar da huɗuba labarin ya kai unguwannin Kotobabi da New Town. Daga yau ko yatsa ɗaya ba za ka ƙara samu daga Nima ba."

"Ai ta dangwala yatsa! Takardar tana nan."

"Ni na fassara mata. An ce mata za a yi bincike. Ba wanda ya ce mata abin da za a yi da ragowar. Ni ma ban tambaya ba, laifina ne kamar naka."

Ya ce, "Kin san abin da ke cikin farantin nan kuwa? Shekara biyu muka yi muna neman irinsa."

Na ce, "Na sani, ni nake wanke kwalabensa. To yaron ma a bar shi ya sani."

Ƙa'ida ba ta yarda baƙo ya shiga ɗakin ƙwayoyi haka kawai ba. Na sa Fuseini ya wanke hannu har gwiwa, na ba shi riga da safar hannu da takunkumi, na ce kada ya taɓa kome. Dokta ya ɗauko faranti ɗaya ya ɗora a madubin likita. Ya fara bayani da manyan kalmomi, na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Fuseini, famfon gidanku, mai gida yana sa masa kwaɗo?"

"Kullum, Mma. Sai da safe yake buɗewa."

"To cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai umarnin da ya gada daga iyaye, wani a buɗe, wani a rufe, kowanne da lokacinsa. Akwai wanda aikinsa ya ce wa ƙwaya ta daina haihuwa haka. A ƙwayoyin cutar Hajiya, wannan umarnin bai lalace ba, kwaɗo aka sa masa. Mutanen nan mabuɗi suke nema. Sun ɗiga wani magani a faranti, haihuwar ta ragu."

Ya sunkuya ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan uwata ne?"

"Cutar da ta ci ta ce, amma daga jikinta ta fito. Ba zan ɓoye maka ba."

"In na bari, za a samu magani?"

Na juya na tambayi Dokta, na kafe shi da ido, don na ga bakinsa yana shirin yin alkawari. Ya haɗiye alkawarin. Ya ce, "Ban sani ba. A faranti kawai muka gani. Daga faranti zuwa jikin mutum tafiya ce mai nisa, kuma tana iya ƙarewa ba kome."

Na fassara yadda ya faɗa, ban ƙara gishiri ba.

Fuseini ya fita baranda ya kira kawunsa da limamin unguwarsu a waya. Da ya dawo ya ce, "Na firiza zan tafi da shi yanzu. Na faranti ku riƙe. Uwata bai taɓa korar mai yunwa daga teburinsa ba. Amma ranar da kuka gama, ba wuta. Mma Adiza, a hannunki na bar shi, ba a hannun takarda ba."

Rasa na firiza ba ƙaramar asara ba ce, domin da shi Dokta zai gwada abin da ya gani a faranti. Duk da haka ya sa hannu a takardar fitarwa. Na rufe tsokar a roba biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce, na yi bisimilla na naɗe a ƙyallen Fuseini. Sha biyu saura ya fita. An binne Hajiya da abinta a kan lokaci.

Mako biyu Dokta yana gaishe ni da ka kawai. A mako na uku wani dattijo daga unguwar Kanda da za a yi wa aiki ya ce a kira masa matar nan da ta mayar wa Fuseini naman uwarsa, sai a gabanta zai dangwala. Da yamma Dokta ya same ni ina goge tebur, ya ce in zauna in faɗa masa da bakina abin da ya kamata a ƙara a takardar amincewa. Na faɗa, ya rubuta: a tambayi mara lafiya da danginsa tun farko yadda suke so a yi da ragowar.

Ƙwayoyin Hajiya suna nan har yau a akwati na biyu, ana ta gwaji, magani bai fito ba tukuna. Farantin da aka gama da shi, nakan dafa shi a tukunyar tururi don kada ya cutar da kowa, in tara a gefe, Fuseini ya zo ya kai maƙabarta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, masu ilimin nan sun san cikin ƙwaya fiye da kowa, amma sukan manta daga gidan wa ta fito. Wannan aikinmu ne mu na ƙasa. Kowane faranti da za ku ɗauka, uwar wani ce ko uban wani. Ku riƙe shi da hannu biyu, kuma in dangi sun tambaye ku, ku faɗa musu gaskiya ko da Dokta yana tsaye.