Tarina da Ƙwallon Lahadi

An haife ni hanyar abincina ba ta kai ciki ba, ta je ta manne da hanyar iska. Tun ina jinjiri aka yi min aiki a asibitin Treichville, aka raba su aka ɗinke. Abin da ya rage min shi ne tabo ƙarƙashin allon kafaɗar dama, da wani tari mai ƙara kamar haushin kare. In na yi shi a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, sai mutane su matsa, wasu su rufe hanci.

A unguwar 220 Logements na girma, a bakin taga. Yaran unguwa suna buga marakana a ƙasa, ƙwallon nan tamu marar mai tsaron gida, ni kuwa Inna ta kafa doka: ba gudu, ba ruwan sama, ba ruwan sanyi. Ban ga laifinta ba. Kowace damina sai ciwon huhu ya kwantar da ni, ita ke zaman jinya.

Na zama saurayi ina tsaron shagon Kawu a kasuwar Adjamé. Wata rana na ɗauki dilar atamfa, sai ya ce, "Ajiye! Kai ba na wahala ba ne, lallaɓa ka ake yi."

A gaban masu saye ya faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na koma ganin likitata, bayan na hura iska a na'urar awon numfashi, na tambaye ta kai tsaye, "Likita, in na yi gudu mutuwa zan yi?"

Ta yi dariya. "Wa ya ce? Huhunka bai kai na sauran ƙarfi ba, amma zama ba ya ƙara masa komai. Fara a hankali. In zazzaɓi ya zo ko kakinka ya canja launi, ka zo nan da nan."

Ranar Lahadi na tafi filin ƙwallo a Williamsville. Ban daɗe da shiga ba na durƙusa ina tari, har aka tsayar da wasa. Wani ya ce, "Ɗan'uwa, je ka huta."

"Ba inda za ni. Ku buga."

Inna ta gane da ta ga takalmana. Ta ce, "Ni na sha wahalarka, ba su ba. So kake ka mayar da ni asibiti?"

Na ce, "Inna, kin raya ni, Allah ya saka miki. Amma ba zan ƙare a kan kujera ba."

Ta daina min magana har aka kwana biyu.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya. Har yau sai na kora loma da ruwa, bara ma na kwanta asibiti. Da aka sallame ni na huta yadda likita ta ce, na koma fili. Baya nake tsarewa, kuma ba kowa ke wuce ni ba.