Jibo Mai-lasa da Tulu Biyu

A Maradi ta zamanin Diori, in ka ga mutum ya durƙusa a bakin hanya ya ɗebi ƙasa ya kai baki, ya lumshe ido yana taunawa, ba sai ka tambaya ba, Jibo Mai-lasa ne. Maginin rijiya ne, haifaffen Tibiri, mazaunin Sabon Gari. Abokan wasansa kan ce kwaɗayin masu juna biyu ke damunsa, shi kuwa ko a jikinsa. Da harshe ya gaji sana'ar daga mahaifinsa: ya lasa ya ce nan akwai kanwa, ya lasa ya ce nan gaba shida za a tarar da ruwa. Bai yi lakwal ba, wato makaranta, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, kuma taurin kansa ya fi na jakin da ke ɗaukar masa igiya.

Shekara bakwai da samun 'yancin kai, gwamnati ta ba Garin Tanimu siminti na rijiya ɗaya. Ƙauye ne a gefen fadama, gaba kaɗan da Jiratawa, inda mata ke tafiyar rabin safiya zuwa gulbi ɗibar ruwa. Siminti na rijiya ɗaya tak, in ya shiga ƙasa ba mai sake ganin wani. Ma'aikatan raya karkara suka ce mutanen gari su zaɓi wurin da kansu, aka ɗauko Jibo da ƙanensa Gado su yi aikin.

To, Garin Tanimu gari biyu ne a riga ɗaya. Tun zaɓen da aka yi kafin Faransa ta tafi, unguwar gabas ta bi jam'iyyar giwa, ta yamma ta bi ta raƙumi. Giwa ta ci mulki, aka haramta raƙumi, har sunansa ba a faɗi sai da raɗa. Amma gabar ta zauna daram. Ba a zuwa sunan juna, mahaucin gabas in ya yanka akuya rabi ke kwana. Da za ka tsare ɗayansu ka ce me giwa ta ce, me raƙumi ya ce, wallahi da ka sha dariya, don ba wanda ya sani. Abin da kowa ya riƙe shi ne wane ya zagi ubansa ranar ƙuri'a.

Jibo ya kwana biyu yana zagaya gari yana lasa. Ƙasar gabas, gindin tsamiya, ta gaya masa zartsi, ruwan da ko tuwo aka tuƙa da shi sai an gane. Ta yamma, kusa da wani gawo, ta gaya masa ruwa mai daɗi. Ya faɗi haka a bainar jama'a ranar taro.

Maman Lawali, shugaban kwamitin jam'iyya na garin, mutumin gabas ne, dogo mai murya. Bai ko dubi Jibo ba, ya ce, "Wanda ka son rijiya gabas shi ɗaga hannu." Hannuwa suka tashi, na gabas da na yamma gaba ɗaya, wani tsoho na yamma har biyu ya ɗaga. Ai dole. Shekara uku baya aka kwashi mutum huɗu daga unguwarsu a kamyo, babbar motar gwamnati, biyu ne suka dawo.

Abin ya ƙona wa Jibo rai ƙwarai. Ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Shugaba, wanga ba zaɓe ba ne. Tsoro munka ƙirga."

"Kai ɗan raƙumi ne halan?" in ji Maman Lawali.

Jibo ya zaro katin jam'iyya daga aljihu, duk gumi ya cinye shi. "Ga giwata nan, ta girmi taka. Amma giwa ba ta shiga rijiya, ni ka shiga. Ku ba ni sati ukku, ba ni taɓa siminti ko buhu guda. In na gama kunka ce gabas, gabas za ni gina, ko ruwan barkono ne."

Mai gari, wanda ya gaji da rigimar, ya ce a ba shi.

Sati uku Jibo da Gado suna haƙa, ba ko sisi. Rami biyu ƙunƙuntattu, ɗaya gindin tsamiya, ɗaya gindin gawo, ba siminti, ba komai sai dagi da kwando da addu'a. Sau ɗaya rairayi ya zubo wa Jibo har wuya a ramin gabas, Gado ya jawo shi yana zagi yana kuka. Da ya je gida ranar Juma'a, matarsa Balki ta ce ya bar mutanen nan su sha zartsinsu, ina ruwansa. Ya ce ruwansa ne mana, sunansa za a kira duk ranar da aka yamutsa fuska a bakin rijiyar. Bai gaya mata sauran ba: ya kasa mantawa da tsohon nan mai hannu biyu a sama.

Da ruwa ya taru a ramukan, ya sayo sababbin tuluna biyu iri ɗaya, ya cika su gaban liman shi kaɗai, ya ajiye a dandali ba alama, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya kafa zana, bayan zanar ya aje ƙwarya biyu, ta dama da ta hagu. Kowa ya zo ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ya shiga bayan zana ya jefa tsakuwa inda bakinsa ya so. Ya kuma kafe sai mata sun fito. Maza suka yi ta gunaguni, ya ce wanda bai taɓa ɗaukar tulu daga gulbi ba ya rufa masa baki.

Wata tsohuwa, Tsahara, ta riƙe tsakuwarta ta tsaya. "Ɗan nan, ƙuri'a ba Allah ka hidda ta ba? Mu zuba, wadda ta hito ita ke nan."

"Waccan ƙuri'ar rabon gona ce, Inna. Wagga ke za ki hwaɗi. Harshenki dai za ki tambaya."

Ta kurɓi na hagu ta tofar, ta ce, "Wanga ko akuyata ba ta sha," jama'a suka kwashe da dariya, gabas da yamma tare, abin da aka daɗe ba a ji ba.

Da aka juye ƙoren, ta hagu tsakuwa tara ce, sauran duk dama. Kowa ya ga Maman Lawali ya ƙara moɗa ta biyu daga tulun dama yana gyaɗa kai. Liman ya miƙe ya ce tulun dama ruwan yamma ne.

"Yaudara ce!" Maman Lawali ya daka tsawa. "An rufe muna ido an ja mu!"

Nan ne Jibo ya yi abin da Gado bai yafe masa ba har shekara ta zagayo. Ya riga ya ci, da ya yi shiru shi ke nan. Sai ya ce, "Gaskiyarka, shugaba. Ɗazu ba ku san na wane ba ne. Yanzu kun san ɗanɗano, kun san unguwa. A sake, ido buɗe. Abin da kunka jefa shi za ni bi."

Aka sake. Jibo ya zauna kan kwandonsa, yana jin ƙarar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, bai san inda take sauka ba. Aka juye. Yamma ɗari da goma sha ɗaya, gabas ɗari da huɗu. Mutum ɗari da huɗu, da ɗacin zartsi a bakinsu, suka zaɓe shi don kada maƙwabci ya ji daɗi. Jibo ya yi murna, ya kuma ji baƙin ciki har cikin ransa. Amma 'yan gabas sun fi yawa nesa ba kusa ba, ya san akwai da dama daga cikinsu da suka bi harshensu a bayan zana, kuma ba wanda zai taɓa sanin su wane ne.

Kwana huɗu da fara aiki jandarmomi suka zo. An kai ƙara cewa yana tara 'yan raƙumi da sunan rijiya. Ya yi kwana goma sha tara a kulle a Maradi, ya fito da haƙori ɗaya a aljihu. Bai ko biya ta gida ba, ya koma Garin Tanimu ya ɗauki dagi. Rijiya ta kammala kafin damina.

Gidaje goma sha biyu na gabas suka rantse ba su sha. Shekara ta farko suka cika alkawari, ta biyu suka koma bakwai, daga baya sai gidan Maman Lawali kaɗai, matansa na tafiya gulbi suna wuce rijiya da kai a sunkuye. Jibo kan zo kowane rani ya yashe ta. In sun haɗu da Maman Lawali ya gaishe shi, wancan ya dubi sama.

Sai babban fari ya zo, shekara shida bayan haka. Gulbi ya ƙafe har ramukan da ake tonawa a cikin yashinsa. Rijiyar yamma ma ta ja baya, guga na dawowa da laka. Jibo, wanda gemunsa ya yi fari, ya zo ƙara mata zurfi. Gado na kwance ba lafiya, majiya ƙarfin yamma sun tafi cin rani, sai tsofaffi uku ya samu su riƙe masa igiya, ya dube su ya san ba za su iya ba.

Yana tsaye yana shawara da ransa sai ga Alkasim, babban ɗan Maman Lawali, da maza biyar na gabas a bayansa, kowa da tulu. Alkasim ya tsaya nesa kaɗan, idonsa jajir.

"Baba Jibo, tsoho ya cika da hantsin nan. Babu ruwan da za mu yi mishi wanka."

Jibo ya yi salati, ya yi masa gaisuwa. Ya leƙa rijiya ya daɗe.

"Akwai ruwa, ƙasa shi ke. Kamu biyu in na ƙara, kahin azahar kun cika tulunanku. Sai dai ba ni da mai riƙo."

Alkasim ya ajiye tulu. Ya buɗe baki zai yi magana, wataƙila kan kwana goma sha taran nan, don ya san wanda ya kai ƙarar. Jibo bai jira ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ja ƙullin da haƙoran da suka rage masa, ya miƙa wa Alkasim ɗaya bakin.

"Riƙe da kyau," ya ce, ya zura ƙafa ya sauka.