Hannun Apa Monowara

Kowace safiya, kafin hayaƙin murhu ya gama tashi a garinmu na bakin ruwa, za ka ga Apa Monowara ta nufi makaranta da lema a hammata da gwangwanin 'ya'yan tsamiya. Apa muke ce mata, wato yaya, har waɗanda suka girme ta. Bana ta ajiye alli, ni kuwa na ƙi yarda ta tafi shiru.

Ajinta hayaniya ce zalla. Ta zana gidaje a ƙasa yara na tsalle suna ninka lamba, ana cinye wa juna 'ya'yan tsamiya, wanda ya kuskure rabo ya yi kukan agwagwa. Iyaye sun sha kai ƙara wai wasa kawai ake yi. Sai ta ce, "To ku shigo mu buga, in kun ci ni na daina." Har yau ba wanda ya shigo.

Da damina ruwa ke shanye hanya, makaranta ta rufe wata da watanni. Sai ta jingina waya a kan tukunya tana ɗaukar darasi: tana yanka wainar shinkafa rabi da kwata, tana jera tsamiya. Hannunta kaɗai ake gani, da tabon wuƙar kifi a babban yatsa. In an tambaye ta don me ba ta nuna fuska, ta ce, "Fuskar nan me ta sani a lissafi?" Masu kwalekwale ke yawo da bidiyon, daga waya zuwa waya.

A haka, shekarun baya, ya isa tsibirin da wana Motaleb yake. 'Yarsa Shiuli ta faɗi lissafi, ya kuma rantse in ta sake faɗuwa ta gama boko, ta zauna ɗinkin komar kamun kifi. Na roƙe shi, ya ce, "Ke dai kin cika shisshigi. Kan da bai ɗauka ba, waya ce za ta cusa masa?" Yarinyar ta yi damina guda tana kallon hannun nan, tana wasan da duwatsu. Ta ci jarrabawa. Motaleb ya ce ai dama kansa ta gado.

Bara na raka Apa asibitin birni, hawan jini ya taso mata. Na san Shiuli na aikin jinya a can, amma ban gaya wa ko ɗayansu ba, ga shi ba su taɓa haɗuwa ba. Ta zo ɗaura abin awo, ta kama hannun, sai ta tsaya cak tana kallon tabon.

"Fupu," ta ce da ni, wato gwaggo, "wannan hannun na san shi."

Apa ta ce, "To 'yata, auna shi da kyau, kar ki ba ni kunya a lissafi."

Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Apa, ke ce uwar 'ya'yan da ba ki san fuskarsu ba. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiya. Malaman da suka rage, ga gwangwanin can ta bari a kan tebur, waya kuma kowa na da ita. Akwai wata Shiuli a hayin ruwa tana jira.