Harsasan da Na Gauraya wa Taubashina

Ni ne da laifi, tun daga farko har ƙarshe. Na faɗi haka tun yanzu don kada mai karatu ya wahalar da kansa yana jiran inda zan kare kaina. Ni ma na nemi wurin, ban samu ba.

A shekarun casa'in ina zaune a Vénissieux, gefen Lyon, ina aikin lodin kaya a wani babban sito. Ɗan gwaggona kuma yana La Courneuve, wajen Paris, yana tuƙa motar wata hukumar ƙasa da ƙasa. Ya girme ni, ya fi ni karatu, ya fi ni haƙuri. Amma tunda shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, bawana nake kiran sa ko a gaban baƙi, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba shi da ko akuya. Haka muka tashi tun a Maraɗi, kuma Faransa ba ta gyara mu ba.

Shi ya fara shiga kulob ɗin harbi. Irin harbin da suke yi, dabbobin ƙarfe ake jerawa a fili: kaji a kusa, aladu a bayansu, sai talotalo, sai raguna can ƙarshen fili inda suke komawa kamar ƙudaje. In ka samu dabba, ka ji ƙarar ƙarfe ta faɗi. Taubashina yakan ce nan kaɗai ne a Faransa musulmi zai kayar da rago ba tare da bin layi ba, ya kuma taɓa alade alwalarsa tana nan.

Bindigarsa ƙarama ce mai gajeren baki, da madubin hange a samanta, wanda suke kira lunet. In ka leƙa cikin lunet ɗin za ka ga siraran layuka jere kamar matakalar tsani. Ya daɗe yana gwada harsasai iri-iri, har ya samu iri ɗaya da kowane layi ke dacewa da dabba guda: layin sama na kaji, na ƙasa na raguna. Ya sha yi mini bayani cewa harsashi ba miƙe yake tafiya ba, sunkuyawa yake yi, kuma kowane iri da irin sunkuyonsa. Wai ga shi gajeren baki yana canza gudun harsashi, don haka abin da aka rubuta a kwali ba shi ne abin da za ka gani a fili ba.

Ni kuwa dariya nake yi. Babana maharbi ne, da adaka yake farauta, kuma abin da ya samu shi yake ɗurawa, har gutsattsarin tsohuwar tukunyar ƙarfe. Ba mu taɓa rasa zabo a miya ba. Nakan ce masa, “Bawana, harsashi harsashi ne. Kai dai ka ce hannunka na rawa.” Don in nuna masa gado ba ƙarya ba ne, na shiga wani kulob a wajen Lyon. Kaji suna faɗuwa a hannuna wani lokaci. Raguna kuwa har na bar kulob ɗin suna cikin ƙoshin lafiya.

Wata rana ya kira ni a tarho ya ce irin harsashinsa ya yanke a shagon da yake saye, ga lokacin gasa ya matso. Ya ji an ce akwai a wani shago a Lyon, kuma ya san zan zo Paris hutu. Ya faɗa mini sunan irin, ya sa na maimaita kamar ɗan makaranta.

Na je shagon da katin kulob ɗina. Mai shagon ya ce abin da ya rage bai kai rabin yawan da nake so ba, amma akwai wani irin na kamfani ɗaya, kama ɗaya, sai dai ya fi gudu. Ya ƙara da cewa in wa mai lunet zan kai, gara in tambaye shi tukuna. Akwai tarho a bakin titi, ina ganin sa ta gilashin shagon. Ban kira ba, na sayi iri biyun na cike adadin. Na ce a raina wane mahaukaci ne zai ƙi abin da ya fi gudu? Can ƙasan raina kuma ina so ya yi harbinsa lafiya lau, sannan in fallasa shi a gaban matarsa, in ce ga shi duk lissafinsa na banza ne.

Da na koma gida sai na farke kwalayen duka, na juye harsasan cikin babban gwangwanin madara, na sa hannu na cakuɗa su kamar gyaɗa. A Paris na ce masa kwalayen sun cika mini jaka ne. Ya ɓata rai, ya ce ba a yi wa harsashi haka, su yi ta gugar juna. Sannan ya yi godiya, matarsa ta yi mini tuwo da miyar kuka.

Abin da ya biyo baya a tarho na riƙa jin sa. Kaji suna faɗuwa, aladu ma ba laifi. Amma in ya ɗora layin ƙasa a kan rago, wannan harsashi ya samu, na gaba ya wuce ta saman ƙaho. Ya gyara lunet ɗin don raguna, sai talotalo suka fara tsira. Ya mayar da shi yadda yake, abin bai daidaita ba. Ya zargi iska. Ya zargi lunet, ya kai aka duba aka ce lafiyarsa ƙalau. Wani abokin harbinsa ya tambaye shi ko harsasan ne, ya ce a'a, ɗan'uwansa ne ya sayo da hannunsa.

Tun kiran farko na gane. Sai dai na ce wa kaina wataƙila tsufa ne ya kama shi, tunda dai ya girme ni. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na samu sabon abin tsokana. In ya ɗauki tarho sai in ce, “Salamu alaikum, gidan makaho ne?” Na yi masa alkawarin sanda daga Lyon mai kan azurfa. Na ce in ragon ƙarfe ya gagare shi, ya zo in ba shi aron kajina. Yana dariya, yana rama abin da ya samu. Ban lura cewa ramuwar tasa tana raguwa ba.

Matarsa ce ta kira ni wata Lahadi da rana. Bayan gaisuwa ta ce in daina maganar makanta, don mutumin ya ɗauke ta da gaske. An cire shi daga jerin masu zuwa gasa, wannan bai dame ta ba. Amma ya je wurin likitan ido, likita ya ce idonsa lafiya, shi kuwa ya ce likita bai taɓa harbin rago ba. A mota ya koma tambayar ta abin da ke rubuce a allunan hanya, don ya gwada ko ta riga shi gani. Yanzu kuma ya yanke shawarar zai je ya gaya wa shugabansa cewa ba ya gani daga nesa. Ya ce ba zai ɗauki rayukan mutane a mota da idon da shi kansa bai yarda da shi ba.

“In ya bar tuƙi, me zai yi a garin nan?” in ji ta. “Kai yake jin maganarka, ko da yake maganar taka ba ta da kan gado.”

Ko a nan ban faɗa mata ba. Na ce zan zo. A cikin jirgin ƙasa na shirya hanyoyi da yawa na kauce wa kunya. Na yi tunanin in ɗora wa mai shago. Na yi tunanin in sace gwangwanin in musanya harsasan a ɓoye, sai na tuna ba ni da waɗanda zan musanya da su. Na yi tunanin in mayar da abin wasan taubasai, in shiga ina dariya in ce na ci shi. Wannan ta fi kwanta mini, na riƙe ta har ƙofar gidansu.

Shi ya buɗe ƙofar. Ya sa wani tabarau da ya saya a kantin magani, wanda ba ya buƙata, yana kallona ta samansa. Ina ganin sa haka na fasa dariyar da na shirya.

Bayan mun gaisa na ce ya ɗauko gwangwanin. Na juye sauran harsasan a faranti, na ce ya ware mini su gida biyu. Ya jujjuya su da yatsa, ya ce ai duk iri ɗaya ne. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa, na cire hula.

“Ba iri ɗaya ba ne, Yaya. Fiye da rabinsu ba waɗanda ka aike ni ba ne, sun fi naka gudu. Mai shago ya ce in tambaye ka, na ƙi, na gauraya su da hannuna na zubar da kwalayen. Tun ranar da ka ce rago ya tsira na san dalili, na yi shiru ina kiran ka makaho. Idonka lafiyarsa lau, kada ka je wurin shugabanka. Na ci amanar aike, na sa ka tsoro a banza, na sa Hajiya ma. Don Allah ku yafe mini.”